Malam Sada Basirka, Gwanin da Gari Ya Sani da Kunne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Wasan Sikwash ta Birnin Kudu da Gwaram, a madadin Shugabanta, Alhaji Sabo Maruta, da iyayen ƙungiya da dattawanta da dukkan 'yan wasanta, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar malaminta kuma mai horar da 'yan wasanta na farko, Malam Sada Ɗanbala Basirka, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi a gidansa da ke Birnin Kudu, bayan gajeriyar rashin lafiya. An yi masa sutura a ranar bayan sallar Azahar, kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Ya bar matarsa, Malama Barira, da 'ya'ya mata uku, Safiyatu da Zahara'u da Turai, da ɗa namiji guda, Hambali, wanda yake Legas a halin yanzu. Rashin ganin Hambali a wurin zaman makoki ya jawo maganganu a gari, kuma ƙungiya tana ganin wajibi ne ta yi bayani a kansu a cikin wannan sanarwa, amma ba za a fahimci bayanin ba sai an san ko wane ne mahaifinsa.

Ba mu da tabbacin shekarar da aka haifi marigayi. Ƙaninsa, Malam Maikuɗi, ya ce ya haura sittin, kuma a nan muka tsaya. Abin da dattawa suka haɗu a kai shi ne, a Basirka ta ƙasar Gwaram aka haife shi a gidan manoma, ya zo Birnin Kudu cin rani yana aikin gini tun kafin samun mulkin kai, kuma yana cikin maginan da suka yi shafen simintin ɗakin wasan da wani Baturen mulki ya sa aka gina a bayan bariki. Ga waɗanda ba su san wasan ba, wanda mutanenmu suka fi kira ƙwallon bango, mutum biyu ne suke shiga ɗaki mai bango huɗu, kowa riƙe da raket, wato mabugi mai tsirkiya, suna bugun 'yar ƙaramar baƙar ƙwallon roba a bangon gaba bi da bi. A ƙasan bangon akwai fallen kwano, in ƙwallo ta taɓa shi mai bugu ya rasa maki. Ɗakinmu na Birnin Kudu ba shi da rufi, ba shi da taga, ba shi da benen 'yan kallo, ƙofarsa kuma ƙarama ce, ana rufe ta da zarar an shiga. Saboda haka duk tsawon shekarun da Malam Sada ya yi yana wasa, ba wanda ya taɓa ganinsa yana bugu sai mutumin da ya shiga ɗakin tare da shi.

Gari ya san shi ne da kunne. Da la'asar mutane kan zauna a gindin bangon daga waje, masu dawowa daga gona da masu sayar da goro da ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, suna sauraro. Sun san ƙarar bugun Sada, mai kauri, wadda take fita sau ɗaya ba ta rawa. Sun san sautin takalmin abokin karawarsa yana jan ƙasa in ya gaji, kuma in kwano ya yi ƙara sai a ji an ce, "Ba Sada ba ne," tun kafin a buɗe ƙofa. Malama Barira, wadda gidansu yake kusa da ɗakin, ta gaya wa matan da suka je mata gaisuwa cewa ita ma ba ta taɓa ganin mijinta yana wasa ba, amma da ƙarar ƙwallon take sanin lokacin ɗora tukunya.

A wancan zamani, wanda ake biya don ya kula da ɗakin wasa, ya share shi, ya gyara tsirkiyar raket, ya kuma kara da duk wanda ya rasa abokin wasa, ana ɗaukarsa ma'aikaci ne, ba ɗan wasa ba, kuma doka ta hana shi shiga gasar masu wasa don sha'awa. Marigayi yana cikin wannan rukuni, domin bayan an gama ginin ɗakinmu shi aka ɗauka ya kula da shi. Jim kaɗan bayan samun mulkin kai, ya raka 'yan wasanmu wata gasa a Kano, aka ƙi rubuta sunansa saboda wannan dalili, ya zauna yana gyara wa wasu raket har aka gama. Shugabanmu, Alhaji Sabo Maruta, wanda yake wurin, ya shaida mana cewa washegari wanda ya ci gasar ya nemi Malam Sada da kansa, suka shiga wani ƙaramin ɗakin atisaye suka rufe ƙofa, ba alƙali, ba mai kallo. Ba za mu faɗi wanda ya ci ba, domin ba mu sani ba. Alhaji Sabo ya ce abin da ya ji daga waje shi ne ƙwallo tana tafiya tana dawowa har ya manta da cewa mutane ne suke bugunta, kuma abin da ya gani shi ne zakaran ya fito ya zauna a ƙasa, ya cire takalmansa. Duk wanda ya tambayi Malam Sada labarin wannan rana, har ya koma ga Mahaliccinsa, amsa ɗaya yake samu: "Mun dai sha zufa, ni da shi."

Da Turawa suka tafi, ɗakin ya zama kufai, har maƙwabta suka fara shanya gyaɗa a ciki. Marigayi bai yi rigima da kowa ba. Ya bi su gida-gida, suka daidaita a kan cewa da kaka su yi shanya da safe, shi da ɗalibansa su taya su kwashewa da Azahar, kuma a kan wannan yarjejeniya muke har yau. Ya koyar da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'ya'yan manoma daga Wurno da Maruta da Gwaram, bai taɓa tambayar ɗan wane ne ba. Raket ta karye, ya ɗaure ta da fata ya ce a ci gaba. Sa'ad da yanar ido ta rage masa gani a 'yan shekarun nan, da yawa sun ɗauka horarwa ta ƙare, sai ya fito da tabarma ya zauna a waje, ya jingina bayansa da bangon gaba, yana jin kowane bugu a ƙashin bayansa. Daga nan yake gane wanda ya buga, da inda ƙafarsa take, da ko ya kalli ƙwallo. Shugabanmu ya ba mu izinin faɗin abin da ya taɓa jiyowa ta saman bango yana tsakiyar wasa: "Alhaji Sabo, wasa na ce ka yi, ba sussuka ba. Wannan ƙwallo ba gero ba ce!"

Wasan da ya bari ba shi ne wanda ya tarar ba, kuma ya rayu ya ji labarin sauyin. Arzikin mai ya kawo sababbin ɗakuna a manyan birane, masu daɓen katako da fitilu, an maye bangon baya da gilashi, ɗaruruwan mutane suna zaune suna kallon abin da a da mutum biyu kaɗai suke gani. Manyan 'yan wasan duniya yanzu suna yawo ƙasa-ƙasa suna rayuwa da wasan, suna gudun safe da ɗaga ƙarfe, kuma wasa ɗaya yakan kai su inda na da ba sa kaiwa wajen juriya. Marigayi bai raina wannan ba, mamaki yake yi. Da aka kawo masa raket mai mariƙin ƙarfe, ya ƙwanƙwasa ta a tafin hannu, ya kai ta kunne, ya ce, "Ba nauyi, masha Allah, sai dai ba ta da murya." Da aka ba shi labarin bangon gilashi, sai ya ce, "To, in mutum ya gaji, ina zai ɓoye fuskarsa?" Mafi girman sauyin kuwa shi ne, a bara hukumomin wasan na duniya suka soke dokar da ta raba wanda ake biya da wanda ba a biya, dokar nan da ta zaunar da shi a Kano yana gyaran tsirkiya.

A nan maganar Hambali ta shigo. Hambali ya gaji mahaifinsa wajen kula da ɗakin wasa, shi ma ana biyansa, shi ma da tsohuwar doka tana nan ba zai shiga gasa ba. Makon jiya ya tafi Legas tare da Malam Ɗan'auta, ma'ajin ƙungiya, don shiga gasa ta farko a rayuwarsa, a ɗaki mai bangon gilashi. Ya bar mahaifinsa lafiya. Marigayi ya so ya bi su, ya ce ko ba zai gani ba yana son ya ji yadda ƙwallo take kuka a jikin gilashi, iyalinsa suka hana shi saboda nisan tafiya. Zazzaɓi ya kama shi ranar Asabar. Ranar Litinin da yamma, a gaban matarsa da ƙaninsa da Shugaban wannan ƙungiya, yana cikin hankalinsa, ya ce: "In Allah Ya yi ikonSa kafin Hambali ya dawo, ku gaya masa, amma kada wanda ya ce masa taho. Ni an hana ni shiga, shi kuma ya shiga ku fito da shi? Kabarina ba inda zai je. Ya gama ya zo ya yi mini addu'a." Mun tambayi shaidun uku ɗaya bayan ɗaya, kuma maganarsu ta zo daidai.

An sanar da Hambali ta wayar tarho daga Kano ranar Laraba. Malam Ɗan'auta ya gaya mana cewa nan take Hambali ya ɗaure kayansa zai nufi tashar jirgin ƙasa, kuma bai sauke jaka ba sai da aka maimaita masa wasiyyar mahaifinsa, aka haɗa masa da saƙon mahaifiyarsa, wadda ta ce, "Ku ce masa in ya dawo bai buga ba, ni ba zan karɓi gaisuwarsa ba." Jiya Alhamis Hambali ya shiga gasar. Malam Ɗan'auta ya ce kafin a fara, Hambali ya wuce har bangon gaba, ya juya ya jingina bayansa da shi, ya tsaya haka yana fuskantar jama'a ta cikin gilashi, hawaye na zuba, bai share ba. 'Yan kallo ba su san abin da yake yi ba, amma suka yi tsit har ya gama. Ya ci wasan. Zai sake shiga gobe Asabar da la'asar, kuma zai ci gaba har ranar da aka fitar da shi, sannan ya kamo hanya.

Saboda haka, ƙungiya tana roƙon masu girma hakimai da dagatai da limamai, da dukkan jama'ar Birnin Kudu da Gwaram da Basirka, da su sani cewa Hambali bai zaɓi wasa a kan mahaifinsa ba. Umarnin mahaifinsa yake bi, kuma ba mu san wanda zaman ya fi yi wa wuya ba kamarsa. Baffansa, Malam Maikuɗi, yana zaune a madadinsa yana karɓar gaisuwa, kuma ya ce duk mai sauran magana a kan ɗan ɗan'uwansa ya same shi a kan tabarma.

Tun ranar Talata ɗakin wasa yake rufe, don girmama marigayi. Jiya Malama Barira ta aiko wa Shugaba cewa a buɗe shi, domin a cewarta shirun ya fi komai yi mata ciwo da la'asar. Ƙungiya ta amince. Gobe, a daidai lokacin da Hambali zai shiga a Legas, biyu daga cikin ɗaliban marigayi za su shiga ɗakinmu su rufe ƙofa, kuma ana gayyatar jama'a su zauna a gindin bango kamar yadda aka saba. Za a shimfiɗa tabarmar Malam Sada a wurinta, ba wanda zai hau. Malama Barira tana takaba, ba za ta fito ba. Ta ce ba sai ta fito ba, daga ɗakinta tana ji.

Muna addu'ar Allah Ya jiƙan Malam Sada Ɗanbala Basirka, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba Malama Barira da Malam Maikuɗi da Safiyatu da Zahara'u da Turai haƙurin jure wannan babban rashi, Ya ƙarfafa zuciyar Hambali a inda yake tsaye shi kaɗai, Ya dawo mana da shi lafiya. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Abdulsalami Abu Wurno
Sakataren Watsa Labarai
Ƙungiyar Wasan Sikwash ta Birnin Kudu da Gwaram
Juma'a, 13 ga Nuwamba, 1981