Na Riga Na Sa Hannu a Dakar

Abijan

Yaya Shamsuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Anti Zubaidatu da yara. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe min da mutanen Tudun Ƙofa.

Ni lafiya lau, kada Inna ta damu. Abinci ne kawai ba ya shiga sosai kwanan nan.

Yaya, zan sake canja ƙungiya. Wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Dakar ta nemi in zama kocinta, na kuma sa hannu, amma 'yan wasana na nan ba su sani ba. Jiya bayan atisaye kyaftin ɗinmu, Yakuba, ya same ni yana murmushi. Ya ce, "Koci, wata babbar ƙungiya ta kira ni, na ce musu a'a. Kai ka koya mana mutum ba ya barin 'yan'uwansa ana tsakiyar kakar wasa."

Na dafa kafaɗarsa na ce ya kyauta. Wallahi na kasa kallon idonsa.

Kullum ina gaya maka haka aikinmu yake, kocin da bai tafi da kansa ba korarsa ake yi. Gaskiya ne, amma kai tun ina yaro kake koya wa yaran Keffi ƙwallon kwando a wannan fili mai tsagaggen siminti, ba ka taɓa barin kowa ba.

Gobe zan faɗa wa Yakuba gaskiya, wataƙila ƙungiyar da ta kira shi ba ta riga ta ɗauki wani a madadinsa ba. Ka sa ni a addu'a. Sannan don Allah ka daina nuna wa yaran nan hotona kana cewa su zama kamar ni.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Mahfuz