Harsashi Guda Mai Ƙamshin Zuma

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ɗa ga mahaifinsa, tare da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya sa kana cikin rahamarSa. Mu da ka bari muna nan da rai. Inna tana lafiya in ban da gwiwar nan da ka sani. Iyakar labarin daɗin da nake da shi ke nan.

Baba, na yi ɓarna da bindigarka. Na harbi gyado ban kashe shi ba, shi kuma ya yage wa Kawu Arzika cinya. Yau kwana huɗu Kawu yana kwance a asibiti a Sakkwato, gyadon kuma yana nan da rauninsa cikin doguwar ciyawar kacallar nan ta bakin fadamarmu. Gobe bayan asuba ni zan shiga in same shi. Shi ya sa na zauna da la'asar ɗin nan ina rubuta maka, don ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Tun da dajin wajen Rabah ya cika da mutanen da ka sani, namun daji suka dawo bakin gari. Wannan aladen daji ƙato ne, haurensa ya lanƙwasa har kusa da ido. Sati biyu yana tone dankalin mutane, yana tattake fangalin albasa. Da aka gaji sai aka yo gidanmu, saboda a nan bindiga take, takardarta kuma yanzu da sunana. Aka ce ai ni ɗan maharbi ne. Ni kuwa na ji daɗin maganar, ban tsaya na ce musu malamin firamare ne kawai ba, wanda duk farautarsa ba ta wuce zomo da kurege da gafiya biyu ba.

Na buɗe jakarka, na tarar da harsashi tara. Ka san halina, abin da aka rubuta shi nake yarda da shi. Na ɗauko waya na yi ta karanta bayanan maharban ƙasashen waje a kan wane harsashi ya dace da ƙananan dabbobin da ke ɓarna a gona, wane ne na nama mai jiki. Na gane cewa mai lamba shida ƙwayoyinsa ƙanana ne, na tsuntsu da zomo, mai alamar B biyu kuwa ƙwayoyinsa manya ne. Na ware wani ja mai B biyu na sa a aljihu. Har na tsaya ina yi wa Kawu Arzika bayani kamar ina gaban allo. Ya saurare ni har na gama, ya sosa gemu ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin Yaya Labbo shina karatun harsashi ba." Na yi dariya, na ce zamani ya canza.

Akwai abu ɗaya da na riƙe daga gare ka. Duk lokacin da za ka ɗura bindiga, sai ka kai harsashin dab da fuskarka, ka lumshe ido kaɗan, sannan ka sa. Wani lokaci kuma ka mayar jaka ka ɗauko wani. Na taɓa tambayarka a hanyar Tursa, ka ce, "Tambaya tai nika yi, shi ko shina ba ni amsa." Na ɗauka asirin maharba ne, addu'a ce da ba a faɗa wa yara. Saboda haka ran nan, da gari ya waye na hango gyadon yana tono a gefen rijiyar Kawu, na ɗaga harsashina, na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, na tofa, na ɗura, na harba.

Tun daga ƙarar na san da matsala. Ba ta yi nauyin da na saba ji a hannunka ba, bindigar ma ko kafaɗata ba ta doka sosai ba. Gyadon ya yi kururuwa, ya yi ta girgiza kai, jini na zuba a gefen fuskarsa. Maimakon ya faɗi sai ya ɗaga wutsiya ya faɗa kacalla da gudu.

Laifina na biyu ya fi na farko. Da mutane suka taru, kunya ta hana ni faɗin abin da na gani. Na ce musu ya ɗauki manyan ƙwayoyi a ka, can ciki zai mutu, kowa ya koma aikinsa. Kawu ya yarda da ni. Washegari da hantsi ya je tayar da injin ban ruwa a bakin kacallar, ya duƙa yana jan igiya. Waɗanda ke nesa sun ce ba su ga fitowar gyadon ba, sai dai suka ga Kawu a sama. A kan babur aka kai shi Wurno, mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da shi, daga can aka ce a wuce Sakkwato. Har yanzu likitoci ba su ce ƙafar za ta tsira ba.

Daga ranar ba wanda ya sake taka wannan gefen na fadama. Albasar gida wajen goma tana tsaye ba ruwa, ganyenta ya fara kwanciya. Mata sun daina zuwa yankan ciyawa. In na wuce majalisa sai hira ta tsaya, a amsa sallamata, a jira in yi nisa.

Sarkin Baka, abokin farautarka, ya kira ni zaurensa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, "Ka san al'adarmu. Kai kaj ji mishi ciwo, kai ka ƙarasa shi. Mu za mu kewaye mu koro ma shi, amma harbi naka na." Su bindigogin toka gare su, ya ce bai yarda da su cikin raɓar kacalla ba. Na hau babur har Goronyo neman sabon harsashi. Mutumin da kake saye a wajensa ya daina tuni, kuma yanzu in ka furta kalmar a kasuwa sai ka ga ana matsawa daga kusa da kai. Na dawo hannu wofi, rigata jiƙe da zufa.

Jiya Inna ta dawo daga asibiti wajen ƙanenta Kawu Arzika. Ta tarar da ni na baje sauran takwas a kan tabarma, waya a hannu, ina ta juya su ina neman inda na yi kuskure. Ta tsaya a kaina ta ce, "Mi kaka karantawa bisa kwanson ga?" Na ce lamba. Baba, da ka ga kallon da ta yi mini. Ta ce, "Kwanson tsintuwa na, ubanka ka sake cika su da hannunai. Ni ka ruhe mishi baki. Manya da kakin zuma, ƙanana da ƙaro. Sunsuna shika yi, Sahabi. Addu'a tai tun gida shika yin ta."

Na san kana tsince duk kwanson da ka harba, har da na wasu. Na ɗauka tsabta ce. Ashe ƙwayoyin tsuntsu na watsa wa gyado a fuska, bayan na yi musu tofi.

Ta zauna da ƙyar saboda gwiwar. Bakin kowanne ya yi baƙi don daɗewa da man bindiga, ido ba ya raba su. Sai ta riƙa ɗauka ɗaya ɗaya, ta sunsuna, ta karta da farce, ta ajiye. Na farko hagu. Na biyu hagu. Ban tambaye ta wane gefe ne wane ba, fuskarta ta gaya mini. Haka ta yi ta ajiyewa hagu har na shida. Na bakwai ta daɗe da shi a hanci, ta sake kartawa, ta dubi abin da ya maƙale a farcen, sannan ta ajiye shi dama. Na takwas ya bi 'yan'uwansa hagu. Wanda ta ware ɗin wani kore ne da ya koɗe, a jikinsa an rubuta lamba shida ɓaro ɓaro. Da ni ne, zomo zan harba da shi.

Ina jin haushinka, Baba, gara in faɗa. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba, me ya hana ka faɗa mini ita a fili? Sai da na kwana da haushin sannan na tuna sau nawa ka kira ni ɗakin baya ka ce in zo in riƙe maka wani abu, ni kuma in ɗaga littafi in ce jarrabawa gare ni. Ba ka taɓa matsa mini ba. Kai ne ma kake cewa Inna ta bar ni in yi karatuna, kana alfahari da ni a kasuwa. Yanzu haushin ya dawo kaina, kuma ina kewarka fiye da ranar da muka kai ka.

Ban je na duba Kawu ba. Na kasa. Shi ne ya aiko Inna da saƙo, ya ce, "A ce ma malam kar shi harbi goshi, dutsi na. Shi bari sai ya ba shi gehe, bayan kahwaɗa." Mutumin da na sa aka yaga, daga kan gadon asibiti yana koya mini yadda zan tsira. Da Inna ta faɗa mini sai da na fita bayan gida na yi kuka.

Bindigarka baki ɗaya gare ta, harsashin kirki kuma guda ne. Sarkin Baka ya ce dabbar da ta ji ciwo ba gudu za ta yi ba, ni za ta nufo, kuma cikin kacalla ba zan gan ta ba sai ta zo kusa. Ina tsoro, Baba. Ban san yadda hannuna zai yi gobe ba. Na so Inna ta ce kada in je. Na zauna kusa da ita ɗazu ina jiran ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Ta dai wanke mini rigarka ta farauta, ta shanya, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ya Allah Ka gafarta wa mahaifina, Ka haskaka kabarinsa. Ka tashi kafaɗar Kawu Arzika, Ka bar masa ƙafarsa. Ka tsare duk wanda zai kewaye kacallar nan gobe, kada kuskurena ya sake taɓa jikin wani. Ka tsayar mini da hannu, Ka ba ni haƙurin jira har ya juya. Ka sanyaya zuciyar Inna ko me Ka ƙaddara.

In na fito, daga fadama tasha zan wuce, in je Sakkwato in durƙusa gaban Kawu in gaya masa cewa ƙarya na yi ranar da na ce zai mutu a ciki. In kuma ban fito ba, to sauran bayanin za ka ji shi daga bakina.

Ɗanka mai neman gafararka,
Sahabi