Ban Shiga Layin Kowa Ba

Abban Hafsa,

Assalamu alaikum. Na san ba mai kai wasiƙa inda kake, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Muna nan unguwar Madinat Nasr, a gidan da ka bar mu. Hafsa ta yi haƙora huɗu. Takalmanka suna bakin ƙofa, ina share ƙarƙashinsu in mayar.

An yi zaɓen ƙungiyar ɗalibanmu ranar Juma'a. Abokinka Sani ya tsaya shugaba, na yi murna, don da shi kuka sha zagi har aka ba mu mata ƙuri'a. To ka san wa ya ɗauko mataimaki? Ustaz Habibu, wanda ya miƙe a taro ya ce muryarmu fitina ce. Sani ya aiko matarsa ta lallashe ni, wai ƙuri'un ɗaliban unguwar Darrasa, mutanen Ustaz, yake nema, mataimaki ado ne kawai. Ado? Sani zai gama karatu baɗi ya koma Katsina, kujerar ta faɗa hannun Habibu. Ɗaya ɗan takarar kuwa tun farko bai ɓoye ba, so yake a mayar da mu bayan labule.

Kwana biyar ina juya abin. Akwai kuma abin da ban taɓa gaya maka ba: lokacin da kake wannan faɗa, addu'a nake a ɓoye ka sha kaye, don in huta da surutun mutane. Ka yafe mini.

Ka san yadda muke yi, a tsaya a layi bayan wanda ake so, a ƙirga kawuna. Bayan la'asar kowa ya shiga nasa. Ni ƙafata ta ƙi. Na koma jikin bango ni kaɗai, sai na ji ƙamshin turarenka, wanda kwalbarsa ta ƙare tun kafin rasuwarka. Tsoro ya kama ni, ban waiwaya ba.

Sani ya ci. Da mai ƙirga ya zo kan waɗanda ba su zaɓi kowa ba, ya duba wajena ya rubuta biyu. Aka ce ya sake. Ya sake nunawa da biro, ni, sannan gefen damana, ya bar shi a biyu.

Daidai na yi ke nan, ko zuwa ka yi don kada in tsaya ni kaɗai?

Allah ya haskaka kabarinka. Ban matsar da takalman ba.

Matarka,
Maman Hafsa