Mako Shida a Sahun Farko

23 ga Janairu

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar, yaya sanyi? Ina fata ma'aikatan gidan tsofaffin suna kula da kai, kai kuma ka rage yi musu faɗa. Tunda kunnenka ya daina jin waya, ga takarda, sai ka nemo tabarau.

Baba, wani abu ne ya tsaya mini a rai. Ka san Remi Gallant, ɗan garin Caraquet, wanda ka ce yana gudu a kan ƙanƙara kamar an biyo shi. Shekara uku ke nan ina koya masa wasan gaba a hoki, ƙwallon sandan nan ta kan ƙanƙara. Ranar Litinin manajanmu, Halloran, ya tara mu masu horarwa ya rufe ƙofa. Yana son wani gogaggen ɗan baya na wata ƙungiya, su kuma sun ce ba za su bayar ba sai da matashin ɗan gaba mai cin ƙwallo. Sai aka ɗora Remi a sikeli. Shekararsa ashirin da biyu, ƙafa akwai, hannu akwai. Amma kafaɗarsa ba ƙwari, in aka matse shi a jikin katakon gefen fili sai ya saki ƙwallo, kuma ƙwallo shida kacal ya ci bana. Ni aka tambaya, ni na zayyana, don na fi kowa saninsa.

Halloran ya ce, "Shida ba ta sayen ɗan baya. Ku kai shi sahun farko na 'yan gaba, ku ba shi minti ashirin kowane wasa. Nan da mako shida, ranar rufe cinikin 'yan wasa, so nake a riƙa kirana ana roƙo." Ka san abin, Baba. Haka kake ƙara wa maruƙa hatsi kafin kasuwar kaka.

Da Remi ya ga sunansa a saman allo, har ofis ya biyo ni. Ya ce, "Koci Lorne, na san aikinka ne wannan. Ba zan ba ka kunya ba." Na ce masa ya je ya ɗaura takalmi. Na kasa kallon idonsa.

Ka riƙa shan maganinka. Ina kewarka ƙwarai.

Ɗanka,
Lorne

16 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da murar da ka ce ta kama ka. Allah ya ƙara sauƙi. Wasiƙarka ta iso. Na ga ka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mai shekara hamsin da takwas irina ba ya wasa da aikinsa. Na ji, na kuwa kama bakina. Ga abin da kamun bakin ya haifar.

Remi ya ci takwas a wasa goma. Masu leƙen 'yan wasa na sauran ƙungiyoyi sun cika kujerun saman fili da littattafansu, ranar Asabar ɗin da ta wuce na ƙirga goma sha ɗaya. Duk ƙwallon da ya ci yana ganin gindin zama yake samu, alhali hanyar fita yake share wa kansa. Abokansa suna tsokanarsa, "Kai Remi, rage gudu mana, ka bar wa tsofaffi na cefane!" Shi sai dariya. Manyan cikinsu sun gane, na gani a fuskokinsu, amma ba mai cewa uffan.

Yana da budurwa, Odile, ma'aikaciyar jinya ce a garinsu. Shekara uku suna nesa da juna, don ta ce ba za ta bar aikinta ba sai ya samu wurin zama na dindindin. Ranar Laraba bayan atisaye ya zauna kusa da ni a benci, gumi na ɗiga, ya ce, "Koci, Odile ce ta ce in tambaye ka, wai kai ba ka iya ƙarya ba. Ta ajiye aikin ta taho? Na zauna ke nan, ko?"

Baba, a nan ne na auna kaina kamar yadda na auna shi. In na faɗa, zai kira wakilinsa, magana ta fasu, ciniki ya lalace, kuma Halloran ba sai ya yi bincike ba zai san bakin da ya yoyo. Wa zai ɗauki tsohon kocin da ba ya riƙe sirri? Sai na ce, "Wanda ke cin takwas a wasa goma, wa zai so rabuwa da shi?" Ya daki kafaɗata ya tashi da murna. Shekaranjiya ta miƙa takardar barin aiki.

Na tsani kaina, gaskiyar magana ke nan. Ka yi mini addu'a.

Ɗanka,
Lorne

9 ga Maris

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata murar ta sake ka. Ni lafiyata lau, in ana nufin ta jiki.

Odile ta iso ranar Talata, bayan kwana uku tana tuƙi, da gado da tukwane da karenta a mota. Laraba ce za ta fara ganinsa a sahun farko. Saura awa ɗaya a fara, Halloran ya aiko a cire shi, kada ya karye kafin a gama ciniki. A saman fili ya zauna cikin kwat, ita kuma a ƙasa sanye da riga mai sunansa. Ranar Juma'a da tsakar rana bakin alƙalami ya bushe, aka ba da Remi ga wata ƙungiya a California, can ƙetaren iyakar ƙasarmu. Can Odile ba ta da takardar yin aiki, Ingilishinta ma kame-kame ne don ba shi suke yi a garinsu ba, gurbinta na gida kuwa an riga an cike shi.

Ya zo yi mini ban kwana. Na shirya wa zagi, har ina fatan sa. Sai ya ce, "Koci, ka yi haƙuri. Ka tsaya mini, ni ne ban kai ba. Da na ci sha biyar, da ba su sake ni ba." Ya rungume ni, ya shiga ɗauko jakarsa.

Na fita na tarar da Odile a jikin mota. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Tun yaushe ka sani?" Na ce tun ashirin ga Janairu. Ta ce, "Wato kafin ya tambaye ka." Na ce haka ne, kuma yanzu zan shiga in gaya masa komai. Ta ce, "A'a. Ba za ka sauke kayanka a kansa ba. Yau zai hau jirgi, gobe ya yi wasa cikin baƙi. Bar shi ya tafi yana ganin akwai mutum ɗaya a nan da ya so shi. Kai ka riƙe abinka."

Halloran ya ba ni hannu, ya ce baɗi ma ina da aiki. Ga shi, Baba, aikin ya tsira.

Jiya Remi ya aiko mini da saƙo. Ya ce za su ɗaura aure a Caraquet a watan Yuli, kuma tunda mahaifinsa ba ya raye, ni yake so in tsaya a gefensa a coci. Odile ta sani, ba ta hana ba. Zan je, in tsaya, in yi murmushi tana kallona.

Kada ka ba ni amsa a kan wannan. Ka rubuto mini labarin ƙafarka kawai.

Ɗanka,
Lorne