Kwalba a Buɗe

Inna,

Ina gaida ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya tarin Baba? Ramar da kika gani a hoto laifin waya ne. Ina cin abinci, in na tuna.

Albishirinki! Kin san ina auna ɓarnar da sinadarin fenti, irin wanda Baba ya shekara ashirin yana shaƙa, yake yi wa ƙwayar gado, wato DNA. Na'ura ɗaya tana tace samfurin da nake gwadawa, ɗaya tana auna nauyinsa. Wata bakwai suna nuna min ɓarna har a samfurin da ko warin fenti bai ji ba. Farfesa ya ce, "In watan nan ya ƙare a haka, mu haƙura."

Ashe ni ce mai ɓarnar! Kwalabena nake bari a buɗe, iska tana lalata samfurin. Na rufe su, na sa a ƙanƙara. Jiya samfuri mai lafiya ya fito tas, na fentin kuwa layinsa a na'ura ya yi sama. Farfesa har da tafi!

Ki gaya wa Baba aikin ya tsaya da ƙafarsa. Ke kuma, shekara nawa kina ce min "rufe kwano"? Sai da na ƙetare teku na ji.

A sa min albarka.

'Yarki mai kunnen ƙashi.