Na Rataye Keken Babana, Ni Kuma Ina Hawa Nawa

Malama Haulatu,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin mako uku ke nan wata magana tana cina a rai, na rasa wanda zan faɗa wa. Ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, ban saba rubuta irin wannan ba.

Ni ma'aikaci ne a nan Daura, shekarata talatin da ɗaya, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Kin san yadda abin yake. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "yayan Maijidda", ni ma ban taɓa zama mun yi doguwar hira da shi ba. In durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe, in tashi. Amma ko sau ɗaya ban taɓa shakkar yana ƙaunata ba.

Baba manomi ne, shekararsa sittin da biyu. Gonarsa tana kan hanyar Sandamu, kuma tun kafin a haife ni da keke yake zuwa, wani tsohon baƙin keke mai sirdin fata. Da na samu aiki sai maganganu suka fara. Wata gwaggona ta ce mini a wajen suna, a gaban mata, wai ashe albashin nawa na sayen turare ne, tunda har yau ubana yana taka feda kamar ɗan aike. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bara waccan Allah ya hore mini na saya masa babur. Ya sa mini albarka, Iya ta yi ta hawaye. Ni da hannuna na rataye keken a ɗakin ajiya, har na cire tayar gaba na ɓoye don kada ya yi sha'awarsa. A ganina na hutar da ubana.

To, ga inda abin kunyar yake. Ni ma zaman ofis ya fara sa mini tumbi, sai abokai suka ja ni cikin ƙungiyarsu ta masu hawan keke don motsa jiki. Mu goma sha ɗaya ne. Duk Asabar bayan asuba mukan fita da hulunan kwano da riguna masu ƙyalli, wata rana mu nufi Sandamu, in mun ji ƙarfi mu miƙa hanyar Baure. Ina da agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya. Da na fara, in ina zaune yakan nuna tamanin da huɗu a minti, yanzu ya sauko sittin da biyu, har nakan nuna wa mutane a ofis. A cikinmu akwai wani ɗan uwanmu, Nu'uman, ma'aikacin jinya ne, shi ke zuwa da na'urar awon jini yana auna mu kafin mu tashi. Wallahi, Malama, duk tsawon wannan lokaci bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa abin da nake alfahari da shi, shi ne na hana Baba.

Da ƙaramar salla Nu'uman ya zo gaishe da Baba, na'urar tana cikin jakarsa. Cikin raha Baba ya miƙa masa hannu, ya ce a duba ko tsufa yana da lamba. Sai ta nuna 168 a sama, 102 a ƙasa. Nu'uman ya dawo bayan mako ɗaya ya sake aunawa, kusan haka ta sake nunawa. Ya ce lallai a je asibiti. Baba ya ce lafiyarsa ƙalau, ciwon ƙeya ne kawai na rana. Yanzu zoɓo marar sukari yake sha da tafarnuwa, wai an ce masa suna saukar da jini. Sai a lokacin na lura ya yi jiki, rigunansa sun matse shi, kuma yana haki in ya tashi daga tabarma.

Mako uku da suka wuce mun fita, gero ya yi tsayi gefe da gefe. Na hango wani dattijo a gabanmu kan keke, da fartanya ɗaure a baya. Tun daga nesa na gane hularsa. Da ya ji ƙarar tayoyinmu ya waiwaya, ya gan ni, sai ya sauka da sauri ya tsuguna, ya juya mana baya kamar yana duba taya. Abokaina suka wuce suna yi masa sannu, ba su gane shi ba. Nu'uman kaɗai ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa na wuce ubana a kan hanya ban gaishe shi ba, domin na ga ba ya son in gane shi. Agogona ya yi ta ƙara, bugun ya haura ɗari da saba'in, alhali ko tudu babu.

Da na dawo na bi ta ƙofar gidan amininsa, Malam Sada, sai ga baburin da na saya a jingine cikin zaure. Ashe da shi yake fita daga gida don a gani, ya ajiye a can, ya ari keken Malam Sada. Da yamma na je na gaishe shi kamar kullum, ya amsa kamar kullum.

Iya ba ta sani ba. Ita ma tun da ta ji lambar nan take cewa kada a bar shi ya ɗauki ko buta, kada jijiya ta fashe. Ƙanwata Maijidda tana bayanta. In na sauko da keken, wani abu ya same shi a hanya, da wane ido zan dube su? In na bar shi a rataye, ina gani kamar ni nake ƙara masa ciwon. Kuma ta yaya zan buɗe baki in ce masa na gan shi? Dattijo kamar Baba yana ɓuya a bakin gona saboda ni. Wannan ne ya fi komai ci mini rai.

Ki faɗa mini gaskiya, ko da za ta yi ɗaci.

Ɗan Fari, daga Daura

*

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma gaskiyar da ka nema ba ta kai ɗacin da kake tsoro ba.

Ka fara sauke wannan nauyi tukuna. Ba mugunta ta sa ka sayi babur ba. Haka aka koya mana, ɗa na gari shi ne wanda ya hutar da iyayensa, kuma a abubuwa da yawa haka ne. Inda muke kuskure shi ne muna ɗaukar duk wani gumi a matsayin wahala. Na shekara ashirin ina koyarwa, kuma na ga ɗalibaina da yawa sun yi irin naka: sun samu aiki, sun zaunar da tsoho a inuwa, sai ƙafa ta fara ciwo. Ban ce rashin keke kaɗai ya kawo wa Baba hawan jini ba. Shekaru suna da nasu rabo, gado da gishiri ma haka, kuma mai yiwuwa ya daɗe da shi, tunda ba wanda ya taɓa auna shi. Amma mutumin da ya haura shekara talatin yana taka keke kullum, aka tsayar da shi rana ɗaya, dole jikinsa ya nuna.

Shi kuma tsugunawar da ya yi, kada ka ɗauke ta tsoro. Kyautarka yake karewa. Ba ya son ka ji kamar ya raina abin da ka yi masa, shi ya sa ya zaɓi ya yi ta wannan zagaye. Kai ma da ka wuce ba ka gaishe shi ba, mutuncinsa ka rufa. Kowannenku yana lallaɓa ɗan uwansa, jinin kuwa yana can yana hawa.

Iya ma tana da gaskiyarta, kada ka yi wasa da tsoronta. Lambar da ka faɗa ba ta zoɓo da tafarnuwa ba ce. Hawan jini yakan yi ɓarna a ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa mutum yana cewa lafiyarsa ƙalau. Don haka asibiti ne farko, cikin makon nan, kafin a taɓa maganar keke. Likita zai duba zuciyarsa, mai yiwuwa ya ɗora shi kan magani, kuma shi ne zai faɗi iya tafiyar da ta dace da shi. Yawanci ba hana motsa jiki ake yi ba, daidaita shi ake yi, amma bari ya fito daga bakin likita. In da hali a tafi da Iya ta ji da kunnenta. Maganar da za ku yi wata guda kuna ja a gida, likita zai kashe ta a minti biyu. A can ne kuma za ta ji batun rage gishiri da kanwa, tunda tukunyar a hannunta take.

Ka ce ba ka san yadda za ka buɗe baki ba. To, ba sai ka buɗe ba. Allah ya ba ka Malam Sada. Mutumin da ya riƙe wa Baba wannan sirri, shi ne zai iya gaya masa abin da kai ba za ka iya ba. Ka je ka durƙusa gabansa, ka faɗa masa duk abin da ka faɗa mini, har da kuskurenka. Ka roƙe shi abu biyu: ya raka Baba asibiti, kuma ya tsayar da aron keken har likita ya gan shi. Ya shaida masa cewa in an je, nasa keken zai dawo hannunsa. Dattijo ya fi saurin zuwa asibiti in ya san akwai abin da zai samu a can, ba abin da za a ƙara hana shi ba.

Kai kuma ka sauko da keken yau. Ka mayar da tayar, ka kai wa mai gyara ya duba birki da sarƙa. Ranar da likita ya yarda, ka jingine shi a zaure kusa da babur, da iska a tayoyinsa, ka yi tafiyarka. Zai gane. Baburin ma bai tashi a banza ba, ga rana mai zafi, ga ɗaukar buhu, ga zuwa biki nesa.

Tunda kai ma'abocin awo ne, ga inda iliminka zai yi amfani. Ku nemi na'urar da ake ɗaurawa a damtse ku ajiye a gida. A auna shi safe da yamma na mako guda, yana zaune ya huta minti biyar, ba ya dawo daga gona ba, kuma ba da goro a baki ba. Maijidda ta riƙa rubutawa a kai wa likita. Agogonka kuwa, ko yana cewa yana auna jini, kada ka dogara da shi a kan wannan. Kada kuma ka gwada bugun zuciyar Baba da naka, shekarunku ba ɗaya ba ne, kuma wasu magungunan hawan jini suna rage bugun. Ga ma'auni mai sauƙi da zai iya riƙewa: in yana tuƙi yana iya amsa gaisuwar mutanen hanya ba tare da haki ba, tafiyar ta yi daidai. Ya fara da gajeriyar hanya da sanyin safiya, da ruwa a gora. In ya ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko gani ya dushe, ko wani sashe na jiki ya yi nauyi, ya sauka nan take a nufi asibiti. Kuma kada ya daina magani don ya ga lamba ta sauka.

Gwaggo za ta yi magana, wannan kam babu makawa. Ka gaishe ta da ladabi, ka ce likita ne ya rubuta. Surutun mutane yakan ƙare kafin a kwashe kwanukan biki, ubanka kuwa ɗaya ne.

Abu na ƙarshe. Wata Asabar ka bar abokanka su yi gaba. Ka sa kayanka na gida, ka bi Baba a baya zuwa gona, da ɗan tazara kamar yadda ya dace da ɗan fari. Ba sai kun yi hira ba. Ya dai san cewa ɗansa ba ya jin kunyar a gan shi a bayansa, kuma in ya gaji akwai wanda zai tsaya tare da shi.

Allah ya ba Baba lafiya da tsawon kwana mai albarka, ya sanyaya zuciyar Iya, kai kuma ya ba ka 'ya'yan da za su damu da kai kamar yadda ka damu da shi.

Taka,
Malama Haulatu