Hutun da Na Ƙi Karɓa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da shi ke kaɗai, alhali mu biyu ya haifa. Ni dai lafiyata ƙalau, sai gajiya, irin wadda barci ba ya saukewa.

Wata goma sha ɗaya ke nan rabona da gida. Na san kin fi ni ƙirgawa, tunda ranar da muka yi waya kin ce ba ki taɓa ganin mai tuƙa jirgi da ya rasa jirgin da zai kawo shi gidan ubansa ba, kika kashe wayar kafin in buɗe baki. Ban ji haushi ba, Yaya, ko da yake na daɗe zaune a bakin gado da wayar a hannu. Shi ya sa na zaɓi takarda, don ita ba ki da inda za ki latsa ki katse ni. Abin da likita ya faɗa ya tsaya mini a rai, cewa ɗan ganin da ya rage a idon Baba na dama yana ta raguwa, kuma ba ya iya cewa zai kai wata nawa. Kin ce Baba ya daina tambayar yaushe zan aiko da saƙo, yaushe zan zo kawai yake tambaya, wai yana so ya ga ko na yi furfura. Ki faɗa masa na yi, har a gemu.

Bari in warware miki abin da ya riƙe ni. Kin san ƙungiyarmu ta matuƙa ta ɗora ni a kan masu yi mata magana a zaman sabunta yarjejeniyar aiki da kamfani. Yarjejeniyar ita ce ke faɗin albashinmu, da awannin da za mu tashi, da hutun da za a ba mu. Mun fi shekara muna zama a wani ɗaki mai dogon tebur da sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, su a can, mu a nan, ana shan shayi ana yi wa juna murmushin ƙarya. Ba mu so mu shiga yajin aiki ba, domin mai tafiya asibiti da ɗalibi mai komawa makaranta ba su yi mana laifin komai ba. Sai muka duba inda kamfanin yake jingina. Matuƙa sun yi masa kaɗan, da alfarmarmu yake tafiya. Ranar hutunka za a kira ka a ce ka taimaka ka ɗauki jirgin safe. In kuma kana son musayar ranaku da abokin aiki don ka haɗa hutunka wuri ɗaya ka je gida, ofishin jadawali zai ce to, amma ka fara rufe mana wannan giɓin. Da haka suke cike ramukansu ba tare da sun ɗauki sabon mutum ko ɗaya ba.

Sai na kawo shawara a taro cewa kowa ya yi aikin da aka rubuta masa, babu ƙari babu ragi. Kada a sayar da ranar hutu, kada a nemi musaya, har sai an sa hannu. Aka tafa mini, Yaya, har da masu miƙewa tsaye. Sai da na koma ɗakina na rataye riga na tuna cewa ni ma da musayar nan nake zuwa gida. Hutuna kwana ɗaya ne nan, biyu can, hanya kaɗai ta cinye su. Da bakina na kulle ƙofar, kuma ina ciki.

Dabarar ta yi aiki. Jirage suka fara makara, wasu aka soke su, Daraktan ma'aikata, wanda shi ke magana da yawun kamfani, ya daina zuwa zama da fara'a. Amma mu ma mun ɗanɗana. Akwai wani mataimakin matuƙi da muke kira Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ɗakin tuƙi. Matarsa ta haihu, haihuwar fari, aka yi mata aiki, tana wani gari mai nisa. Ya zo ɗakina ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya ce Kyaftin, musaya ɗaya tak yake roƙo, ba wanda zai sani. Na ce masa in na buɗe masa, gobe mutum talatin za su zo, kowa da dalilinsa na gaskiya, jibi kuma babu sauran ƙungiya. Bai yi gardama ba. Ya ce ya gode, ya tafi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ana cikin haka Darakta ya ji labarin Baba, ban san ta bakin wa ba. Ya tare ni a baranda lokacin da aka tashi shan iska, ya ce shi ma mahaifiyarsa ta rasu yana bakin aiki, kuma har yau abin bai sake shi ba. Ya ce ya ba ni kwana goma da kujera a jirgin gobe, in je in dawo, ba sai an rubuta a ko'ina ba. Ba zan zalunce shi ba, Yaya, idonsa ya kawo ruwa da yake maganar, kuma na yarda da gaske yake. Amma kuma kwana goman nan sun faɗa daidai kan makon da za a yi zaman ƙarshe. Mutum yana iya tausaya maka yana kuma lissafinsa, duka a zuciya ɗaya. Na ce masa zan yi tunani.

Na yi tunanin kuwa. Har jaka na sauko da ita daga kan kabad. Ɗakin nan nawa yana bayan filin jirgi, duk jirgin da ya tashi sai gilashin taga ya yi rawa, ni kuma da jin ƙarar na san wanne ne da inda ya nufa. Akwai wanda yake bi ta saman garinmu, ni kaina ina tuƙa shi wani lokaci. In sama ta yi garau ina hango lanƙwasar kogi da dogon titin da ya raba unguwarmu biyu, in ce a raina yanzu Baba yana kan kujerarsa a ƙofar gida, rediyo a cinya, yana musu da mai karanta labarai. Minti kaɗan ne mu wuce. Ranar nan ina zaune da jaka a buɗe, ina jin ƙamshin ɗakin Baba kamar a ciki nake, na man shafawarsa da tsofaffin littattafai. Amma duk rigar da na ninka sai in ga Dogo a bakin ƙofa da hularsa.

Washegari da aka zauna, na miƙe gaban kowa na gode wa Darakta. Na faɗi tayin da ya yi mini, ban rage ba, ban kuma ƙara masa gishiri ba. Na ce tunda kamfani ya gane da kansa cewa matuƙi yana da iyaye da iyali, muna roƙon a ɗauki wannan alherin a rubuta shi cikin yarjejeniya, ya zama haƙƙin kowa, daga babban kyaftin har wanda ya zo jiya. Darakta ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Da muka fito ya ce mini na tozarta shi. Na ce ban yi nufin haka ba, kuma har yanzu ina ganin ya fi sauran nasu mutunci. Ya juya ya tafi. Na san na rasa wani abu a wurinsa da ba zai dawo ba.

An ja, an ja, a ƙarshe suka yarda da hutun lalurar iyali, amma kwana biyar ba goma ba, kuma sai da muka sauke wani ɓangare na ƙarin albashin da manyan kyaftin suke nema. Yanzu akwai abokaina na shekara ashirin da in mun haɗu a ɗakin jiran ma'aikata sai su shiga duba waya. Ɗaya ya ce mini na sayar da guminsu don in je in ga tsohona. Wannan ta yi mini ciwo, domin ga yadda abin ya ƙare: ba za a saki mutum fiye da ɗaya a lokaci guda ba, kuma bi da bi za a yi, bisa wanda lalurarsa ta riga faɗowa. Ni na nace a sa wannan sharaɗin don kada manya su danne ƙanana. Dogo ne na farko, ya tafi shekaranjiya, ya ga 'yarsa tana da wata uku. Bayansa akwai mutum biyu. Ni ne na huɗu.

Ban ce ki ce na kyauta ba. Ke ce kike kai Baba asibiti, ke kike ɗiga masa magani, kina da ikon yin fushi da ni har ki gaji. Abin da nake roƙo kawai, kada ki ce masa aiki ya fi shi a wurina. Ki karanta masa takardar nan duka, har inda aka zage ni, shi ya san irin ɗan da ya haifa.

Ki gaida mini maigidanki, ki ce ina sane da zirga-zirgar da motarsa take sha saboda mu. Ki gaida Gwaggo, da Kawu mai shago, da Autanki sarkin ƙiriniya, da maƙwabcinmu mai gyaran rediyo da yake taya Baba hira.

Ga abin da na iya tarawa: kwana biyar na lalura, da biyu nawa na hutu da suka faɗo a jikinsu, bakwai ke nan. Hanya za ta ci biyu. Saura biyar, kuma sai farkon watan gobe. Don Allah ki tambayi likita wane lokaci ne na yini idon ya fi gani, in san jirgin da zan hau. In kuma na iso ya riga ya rufe, ki bar mu mu biyu a ɗaki, zan kai hannunsa kan gemun ya shafa.

Naki har kullum,
Ƙaninki.